Daga Saduma Zuwa Koranti: Nazarin Nassosin da Suka Shafi Luwaɗi da Maɗigo

Shekaru da yawa ikilisiyoyinmu sun ɗauki maganar luwaɗi da maɗigo rigimar Turawa ce, abin da ake ji daga nesa, a girgiza kai, a wuce. Yanzu ba haka ba ne. A shekarar 1998 bishop-bishop na Angilikan daga ko'ina cikin duniya suka taru a Taron Lambeth a Ingila, suka tsai da shawara da ƙuri'a 526 a kan 70 cewa aikata wannan abu bai dace da koyarwar Littafi Mai Tsarki ba. A 2003 ikilisiyar Angilikan ta Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop, ga shi kuwa yana zaune da wani namiji a fili a matsayin abokin zamansa. Zumuncin da ya yage a ranar bai ɗinku ba har yau. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta hana auren jinsi ɗaya a Nijeriya, da hukuncin ɗaurin shekara 14. A 2024 kuma babban taron ikilisiyar United Methodist ya ɗage hanin da yake cikin dokokinta, sai rabuwa ta biyo baya har cikin ƙauyukan Jihar Taraba, inda mutanen da suka girma a ƙarƙashin rufin sujada ɗaya suka koma jayayya a kan wane ne yake da ginin.

'Ya'yanmu suna jin hujjojin kowane gefe a wayoyinsu. Uban da ba shi da amsa sai tsawa, ɗansa zai yi shiru a gabansa, ya je ya tambayi wani. Saboda haka ya kamata mu buɗe Littafin da kanmu, mu karanta kowane wuri har ƙarshensa. Wuraren ba su da yawa. A cikin ayoyi fiye da 31,000, guda 6 ko 7 ne suka taɓa maganar kai tsaye. Ƙarancinsu bai sa sun zama marasa nauyi ba, bai kuma ba mu izinin mai da su kan gaba da dukan sauran koyarwa ba.

Saduma: Farawa 19

Da Saduma kowa yake farawa, har ma kalmar da muke amfani da ita daga can ta fito. Luwaɗi kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, tushenta kuwa sunan Lutu ne. Abin mamaki, an laƙa wa laifin sunan mutum guda ɗin da ya fito bakin ƙofa yana roƙo kada a aikata shi.

Labarin sananne ne. Baƙi biyu suka shiga gari da maraice, Lutu ya matsa musu suka sauka a gidansa. Kafin su kwanta, sai mazajen garin, yaro da babba, suka kewaye gidan, suka ce a fito musu da baƙin domin su san su. A 1955 wani malamin Angilikan a Ingila, Derrick Sherwin Bailey, ya rubuta cewa wannan sani ba kome ba ne illa neman sanin ko su wane ne baƙin, gama kalmar Ibrananci, wato yada, ta fito fiye da sau 900 a Tsohon Alkawari, kuma a wurare kaɗan ne take nufin kwana da wani. Lissafinsa daidai ne, amma fassararsa ba ta tsaya ba. A aya ta 8 Lutu ya yi amfani da wannan kalma a kan 'ya'yansa mata waɗanda ba su taɓa sanin namiji ba, ba wanda kuma zai ce yana nufin ba su taɓa gaisawa da namiji ba. Abin da mutanen suka nufa a fili yake. (Tayin da Lutu ya yi na miƙa 'ya'yansa mata mugun abu ne, Nassi ya ba da labarinsa ne kawai, bai yabe shi ba.)

Amma mu lura da irin abin da suka nufa. Taron maza ne suke so su yi wa baƙi fyaɗe domin su wulakanta su, su nuna musu cewa a garin nan baƙo ba shi da daraja. Littafin Mahukunta sura 19 ya ba da labari mai kama da wannan ƙwarai, sai dai a Gibeya ya faru, garin kabilar Biliyaminu, a tsakiyar Isra'ila. A can ma namiji suka nema, amma wadda ta mutu a hannunsu mace ce, ƙwarƙwarar wani Balawe. Ba wanda ya taɓa karanta wannan sura ya ce ta haramta zaman miji da mata. Ta la'anci fyaɗe ne da cin zarafin baƙo.

Sa'ad da annabi Ezekiyel ya lissafta laifin Saduma a sura 16:49-50, da girman kai ya fara, sa'an nan ƙoshi da zaman jin daɗi, da ƙin taimakon matalauci da mabukaci, kafin ya ambaci abin ƙyama da suka aikata. Wasiƙar Yahuza aya 7 ta ambaci fasikancinsu. Ubangiji Yesu kuwa, a Matiyu 10:14-15, ya kawo sunan Saduma ne a kan garuruwan da za su ƙi karɓar manzanninsa, a 11:23-24 kuma ya ce za a fi rangwanta wa Saduma a kan Kafarnahum, garin da yake da majami'a, wanda ya ga mu'ujizai ya ƙi tuba. A ganina, wanda yake so ya kafa koyarwar ikilisiya a kan wannan batu kada ya aza harsashinsa a Saduma. Wurin da aka fi ambato shi ne ya fi rauni. Mai wa'azin da ya yi awa guda yana ihu a kan Saduma, bai kuwa ce kome a kan hatsin da ake ɓoyewa sai ya yi tsada ba, bai karanta Ezekiyel ba.

Shari'a: Littafin Firistoci 18:22 da 20:13

A nan maganar ta fito sarai. An hana namiji ya kwana da namiji kamar yadda ake kwana da mace, an kira shi abin ƙyama, a sura 20 kuma aka aza masa hukuncin kisa. Babu maganar tilas, babu maganar baƙo, dukansu biyu aka ɗora wa laifin.

Tambayar da matasanmu suke kawowa ita ce: ai wannan littafi ya hana naman alade, ya hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu, ya hana shuka iri biyu a gona ɗaya. Mu da muke haɗa dawa da wake a kunya ɗaya, da wane baki za mu riƙe aya ɗaya mu saki wata? Tambaya ce mai kyau, bai kamata a kore ta da harara ba. Amsarta ita ce, ba mu muka yi zaɓen ba. Yesu ne ya ce abinci ba ya ƙazantar da mutum, a wannan wuri ɗaya kuma, wato Markus 7, ya lissafta fasikanci cikin abubuwan da suke fitowa daga zuciya suna ƙazantarwa. Manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu, suka sauke wa al'ummai nauyin kaciya, amma suka bar hanin fasikanci a tsaye, kamar yadda Ayyukan Manzanni 15 ya nuna. Sura 18 da kanta ta bambanta al'amarin. Ta jera kwana da dangi na kusa, da matar maƙwabci, da miƙa 'ya'ya hadaya ga gunki, sa'an nan ta ce saboda irin waɗannan ne aka hukunta al'umman da suka riga Isra'ila zama a ƙasar. Ba a taɓa hukunta Kan'aniyawa saboda naman alade ba.

To, hukuncin kisa fa? Wanda yake so ya ɗauko shi daga aya 13, sai ya ɗauko na aya 9 da na aya 10 tare, gama hukunci ɗaya ne a kan mai zagin uwa ko uba, da mazinaci da mazinaciya. Ban san ikilisiyar da kujerunta za su cika ba idan aka yi haka. Mun kuwa ga yadda Sabon Alkawari ya yi da irin wannan. Wani mutum a Koranti yana zama da matar ubansa, laifin da aya 11 ta yanka wa kisa. Manzo Bulus bai ce a nemo duwatsu ba. Ya ce a fitar da shi daga zumunta, da nufin ransa ya tsira a ƙarshe (1 Korintiyawa 5). Ubangiji kansa, da aka kawo masa matar da aka kama cikin zina, ya sallami masu jifa, ya sallame ta da gargaɗin ta daina zunubi. Kada mu manta kuma, tsakanin sura 18 da sura 20 akwai sura 19, wadda ta hana yawo da tsegumi, ta umarci ƙaunar maƙwabci da ta baƙo.

Yesu bai ambaci luwaɗi da suna ba, gaskiya ne. Amma da aka tambaye shi zancen saki a Matiyu 19, sai ya koma farkon halitta, ya haɗa Farawa 1:27 da 2:24: namiji da mace, barin uba da uwa, zama jiki ɗaya. Wannan shi ne harsashin koyarwar ikilisiya a kan aure. A wannan sura kuma ya girmama waɗanda ba su yi aure ba, shi kansa ma bai yi ba. Za mu komo kan wannan.

Romawa 1 da tarkon da yake bayanta

Bulus ya rubuta wasiƙar Romawa daga Koranti wajen shekara ta 57. Daga aya 18 ya bayyana yadda 'yan adam suka san Allah ta wurin halitta, suka ƙi girmama shi. Sau 3 ya yi maganar musanya: sun musanya ɗaukakar Allah da gumaka, sun musanya gaskiya da ƙarya, sun musanya saduwa irin ta halitta da wadda ta saɓa mata. Sau 3 kuma ya ce Allah ya sallama su. Tushen cutar bautar gumaka ce, sauran kuwa alamunta ne. Aya 26 ita ce wuri ɗaya tak a dukan Littafi Mai Tsarki da yawancin masu fassara suka fahimta a kan maɗigo.

An kawo hujjoji a kan wannan wuri, ya kamata iyaye su san su. John Boswell, masanin tarihi a Jami'ar Yale, ya rubuta a 1980 cewa Bulus yana nufin waɗanda asalin sha'awarsu ta mata ce, suka bar ta da gangan. Robin Scroggs a 1983 ya ce abin da Bulus ya gani a duniyar Helenawa da Romawa shi ne manya suna lalata da yara maza da bayi, shi ne kuwa ya la'anta. Akwai gaskiya a nan: wannan mugunta ta yi yawa a zamanin, ubangida yana yi da bawansa yadda ya ga dama. Amma Bulus ya ce mazan suna ƙuna da sha'awar juna, ya kuma sa mata a ciki, waɗanda ba a san su da waccan al'ada ba. Maganar saɓa wa halitta kuma ba shi ya ƙago ta ba. Marubutan Yahudawa na zamaninsa, Filo na Iskandariya da Yusufus, sun yi amfani da ita a kan kwanan namiji da namiji gaba ɗaya. Richard Hays na Jami'ar Duke, wanda littafinsa na 1996 ya zama madogarar masu riƙe da koyarwar gargajiya, ya sāke ra'ayi a wani littafi da ya rubuta tare da ɗansa a 2024, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Abin lura shi ne, sabon littafin bai kawo wata sabuwar fassarar waɗannan ayoyi ba. Ya dogara ne a kan cewa jinƙan Allah yana ƙara faɗi cikin tarihi. Wannan wata muhawara ce dabam, a kan ikon Nassi. Game da abin da Bulus ya faɗa kuwa, ni na gamsu cewa ikilisiya ba ta yi kuskuren jinsa ba.

Sai dai yawancinmu a aya 27 muke rufe Littafin. Ci gaba kaɗan. Daga aya 29 Bulus ya zubo jerin da ya haɗa da kwaɗayi, hassada, yaudara, tsegumi, fariya, rashin biyayya ga iyaye, rashin cika alkawari da rashin tausayi, ya ce masu yin waɗannan sun cancanci mutuwa. Ka yi tunanin Bayahude mai tsoron Allah yana zaune a taron masu bi a Roma, ana karanta wasiƙar da ƙarfi, yana gyaɗa kai, yana cewa lalle haka arna suke. Yana cikin gyaɗa kan nan sai mai karatu ya shiga abin da muke kira sura 2, inda Bulus ya juyo ya nuna shi da yatsa, ya ce shi mai hukunta wani ba shi da hujja, gama da bakinsa ya hukunta kansa. Rarraba Littafi zuwa surori aikin Stephen Langton ne, babban bishop na Kantabari, a ƙarni na 13. Bulus bai sa shinge tsakanin 1:32 da 2:1 ba, numfashi ɗaya ne.

Wannan dabara tsohuwa ce a wurin annabawa. Natan ya ba Dawuda labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, sai da sarki ya husata ya yanka hukunci, sa'an nan ya gaya masa shi ne mutumin. Amos ya zagaya da hukunci a kan Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon da Mowab, jama'ar Isra'ila suna jin daɗin wa'azi, ashe igiya ce ake naɗewa a wuyansu. Wanda ya ɗauki Romawa 1 ya mai da ita kulki, ya faɗa cikin ramin da Bulus ya haƙa dominsa.

Wannan ba maganar littafi kaɗai ba ce. A watan Fabrairu 2014, makonni kaɗan bayan an sa hannu a dokar da muka ambata, wani gungun mutane a unguwar Gishiri a Abuja suka bi gida gida da dare, suka jawo samari daga shimfiɗunsu, suka yi musu dūka da sanduna saboda zargi. Taron maza sun kewaye gida da dare suna cewa a fito musu da mutum: a Farawa 19 wa ya yi haka? Ba Lutu ba ne. Shawarar Lambeth ta 1998 da muke yawan ambata tana da sashen da ba mu cika faɗa ba. Ta ce a saurari mutanen da suke da wannan sha'awa, a tabbatar musu Allah yana ƙaunarsu, a yi musu hidimar kiwo da lura, a kuma tsauta wa tsoronsu marar dalili. Bishop-bishop na Afirka suna cikin waɗanda suka ɗaga hannu a kan wannan ma.

Koranti da cikin gidanmu

A 1 Korintiyawa 6:9-10 Bulus ya lissafta waɗanda ba za su gāji Mulkin Allah ba. Kalmomi biyu na Helenanci a ciki sun ba masu fassara wahala. Ta fari, malakoi, ma'anarta masu laushi, ita ce aka yi amfani da ita a kan tufafi masu laushi a Matiyu 11:8. Ana faɗarta a kan rago da mai son jin daɗi, ana kuma faɗarta a kan namijin da ya miƙa kansa a kwana da shi. Ta biyu, arsenokoitai, wadda ta sāke fitowa a 1 Timoti 1:10, ba a same ta a wani rubutu kafin Bulus ba. An haɗa ta daga namiji da shimfiɗa, kalmomin nan biyu kuwa suna jere kusa da juna a fassarar Helenanci ta Littafin Firistoci 20:13, wadda Bulus ya saba karantawa. Da wuya a ce haɗuwar sa'a ce. Martin Luther ya fassara ta a Jamusanci da masu lalata yara maza, amma Helenanci yana da kalmarsa ta wannan, Bulus bai ɗauke ta ba.

Akwai kuskuren da aka yi ta wancan gefe. Kalmar da Turawa suke kiran mai sha'awar jinsinsa da ita, a 1869 ta fara fitowa cikin rubutun da aka wallafa a Jamus, a 1946 kuma ta fara shiga wata fassarar Turanci ta wannan aya. Daga baya masu fassarar suka cire ta. Bulus aiki ya ambata, bai ambaci abin da mutum ya tarar a zuciyarsa ba tare da ya zaɓa ba. Gwaji ba zunubi ba ne, gama an gwada Ubangijinmu ma. A jerin nan kuma akwai ɓarayi, masu kwaɗayi, mashaya, masu zage-zage da mazambata, ba a kuwa rubuta kowa da jan tawada ba. Aya 11 ta ce waɗansu daga cikin masu sauraron haka suke a dā, amma an wanke su, an tsarkake su, an baratar da su. Wato suna nan zaune cikin taron, suna cin Jibin Ubangiji da sauran 'yan'uwa.

Wannan aya ba ta yi alkawarin cewa sha'awa za ta ɓace ranar da mutum ya tuba ba, kamar yadda ba ta yi wa mashayi wannan alkawari ba. Ƙungiyar Exodus International a Amurka ta yi shekaru fiye da 30 tana cewa za ta iya juya sha'awar mutum. A 2013 ta rufe, shugabanta Alan Chambers ya nemi gafara, bayan ya yarda cewa kusan dukan waɗanda ya sani ba su ga wannan canji ba. Iyaye su ji wannan da kyau, kafin su kai yaro wurin wanda zai ɗaure shi, ya hana shi abinci, ya yi masa bulala da sunan fitar da aljanu. Su ji kuma kafin su yi abin da muka fi sabawa da shi, wato a yi maza a nemo masa mata don a rufe bakin mutane. 'Yar mutane ba magani ba ce. Za a shigar da ita gidan da aka ɓoye mata gaskiyarsa, ta yi shekaru tana zargin kanta, fastan da ya ɗaura auren yana sane kuwa ya yi shaidar zur a gaban bagadi.

Idan muka ce wa saurayi ko budurwa hanyar biyayya a gare su ita ce zama ba aure, mun ɗora musu kaya mai nauyi, wajibi ne mu kama musu. Al'adarmu tana yi wa tuzuru dariya, tana tambayar mace marar miji laifinta. Ikilisiyar da take bin Yesu da Bulus, waɗanda dukansu ba su da mata, ba ta da hujjar yin haka. Mutumin nan yana bukatar gidan da zai ci tuwo ranar Kirsimati, da aikin da za a amince masa da shi, da wanda zai zauna kusa da shi a asibiti.

Idan kuwa ɗanka ne ko 'yarka ta zo ta faɗa maka, ka sani ta daɗe tana ɗauke da maganar kafin ta iya buɗe baki, tana kuma lura da fuskarka. Ba lalle ka ba da amsa a daren ba. Ba lalle ka canja abin da ka gaskata ba. Amma kada ka kore ta, gama yaron da aka kora daga gida ba ikilisiya yake nufa ba, tasha yake nufa, can kuwa akwai masu jiransa. Kada ka kai maganar taron dangi, ko ka miƙa ta a matsayin roƙon addu'a a zumuntar mata, inda kafin Lahadi ta zagaya unguwa. A ƙasar da zargi kaɗai yakan jawo taron masu sanduna, tona irin wannan asiri yana iya zama sanadin rai. Ku nemi fasto ko dattijo guda wanda kuka san bakinsa yana da marfi. Shi kuma fastan, abin da aka faɗa masa a ofis kada ya fito a wa'azin mako mai zuwa, ko da an sāke suna, gama a ƙaramar ikilisiya kowa ya san kowa.